La'asar ɗin Baba a Zanzibar

Tun da na koma bakin aiki a Gummi ba a bar ni na huta ba. In na shiga ɗakin haihuwa a tambaye ni teku, in na fito shan iska a tambaye ni Turawa. Har wata mai jego, jaririnta ko wanka ba a yi masa ba, ta riƙe mini hannu wai da gaske ne jirgin ya fi asibitinmu girma. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta tafi ta ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai 'yan fashin teku ne suka tare mu. Babu wanda ya tare mu. Abin da ya same ni a tafiyar nan mahaifina ne ya ja mini shi, sai kuma bakina. Ga shi na rubuta, kowa ta karanta ta ƙyale ni.

Baba manomi ne a Bukkuyum, ya haura saba'in, kuma shekara uku ke nan yanar ido ta rufe masa idanu biyun, sai da jagora yake zuwa masallaci. Babban yayanmu, Sanusi, likita ne, aiki ya kai shi Mombasa a ƙasar Kenya, can bakin teku. Shi ya dage a kai masa Baba, akwai abokinsa likitan ido da zai yi aikin. Da aka zauna neman ɗan rakiya ba a wahala ba. Ni ce ma'aikaciyar jinya a gidan, ni ce mai Turanci, maigidana kuma ya ce ba komai. Ranar tafiya Inna ta ja ni bayan rumbu kamar za ta ba ni wani asiri.

"Dije, ga tsohon ga nan, ke na ba," in ji ta. "Ku biyu kunka hita gidan ga, ku biyu nika so ku komo. Kin san halinai, ba shi wuce mutane."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, mutumin da ba ya gani ina zai je. Ta bi ni da wani irin kallo.

Tun a Anka na fara gane abin da take nufi. Motarmu ta tsaya tasha a sauke buhunan wake, sai Baba ya ji wata murya ta taga. Wani tsohon dillalin shanu ne da suka yi kasuwa tare tun kafin a haife ni. Baba ya ce a sauko da shi. Aka yi lafiya lau, aka yi ya iyali, aka bi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, aka gangara kan matattu aka yi wa kowane addu'a. Direba ya yi hon har ya gaji ya kashe mota. Wata mata mai goyo ta ce mini, "Baiwar Allah, ki ja ubanki mu tahi, rana na yi." Ni kuwa ta yaya zan ja ubana a gaban mutane? Na tsaya ina murmushin dole, fasinjoji goma sha suna harara ta. Da muka koma mota na ce masa a hankali, Baba jirgin sama ba ya jiran gaisuwa. Ya ce ai shi ma bai daɗe ba, rabin gaisuwar ma bai yi ba.

Muka kwana Gusau gidan wata ƙanwar Inna, washegari Kano, daga nan jirgi zuwa Legas, daga Legas wani jirgin zuwa Nairobi. Ba zan ɓata muku lokaci da jirgin sama ba, sanyi ne da kujera mai matse gwiwa.

A filin jirgin Nairobi aka ga koren fasfo ɗinmu aka ce mu koma gefe. Wani jami'in kwastan, dogo mai natsuwa, ya buɗe jakar Baba ya ci karo da ƙunshin goro cikin jiƙaƙƙen algarara. Ya juya shi, ya sansana, ya tambaye ni mene ne wannan. Ashe can ba su san goro ba. Na yi bayani da iyakar Turancina, ya ce in abin ci ne in ci ya gani. Duk wadda ta san ni ta san ban iya goro ba, ko na biki aka ba ni sadaka nake yi da shi. Haka na tsaya gaban layin mutane na ɓare ɗaya ina tauna, idona na ruwa, ina gyaɗa kai wai daɗi. Baba yana gefe yana tambaya, "Mi shika so? Ba shi guda ukku mana, baƙon goro na." Jami'in ya yi dariya ya ɗaure mana kayanmu, amma goron bai karɓa ba.

Mombasa zafi gare ta irin mai danƙo, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Yaya Sanusi yana zaune a bene hawa na uku, abin da Baba bai yafe masa ba har muka taho, wai mutum da hankalinsa ya kwana a saman kan wasu. Tuwonsu na masara ne, fari fat, da tauri, ba miyar kuka ba ta kuɓewa, sai wani ganye da ake soyawa a ajiye gefe. Shinkafa kuwa da wake da kifi, komai sai an matsa masa kwakwa. Kwana biyu na farko na ji daɗi, a na biyar na fara mafarkin miyar yakuwa.

Aikin ido ya yi kyau, alhamdulillahi. Ranar da aka cire bandeji Baba ya daɗe yana kallona, ya ce ashe na yi ƙiba. Da ya yi makonni yana warkewa sai Yaya ya zo da wata dabara. Akwai wani ƙaton jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa da ke ɗaukar mutane kwana uku, ya kai su tsibirin Zanzibar su yini, ya dawo da su. Wai tunda Baba ya samu ido, bari ya ga duniya. Ya yi mana duk takardu, mu uku. Ana gobe tafiya aka kira shi asibiti, abokin aikinsa ya kwanta ciwo, ba mai riƙe masa. Ya ce mu je mu biyu, ai ba wani abu ba ne, jirgi ne zai kai mu ya dawo da mu. Har yau ban gama yi masa Allah ya isa a zuci ba.

Muna shiga jirgin aka karɓe fasfo ɗinmu aka ba mu wani ɗan kati, aka ce sai ranar sauka za a mayar mana. Ku riƙe wannan, don shi ne ya hana ni sakat daga baya. Ɗakunanmu biyu suna jere, kowane bai fi ɗakin ajiyar magani ba. Ban ɗakin in ka danna sai ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye ka, kuma babu buta. Baba ya aike ni neman buta a jirgi mai hawa tara. Na bi ma'aikata ina kwatance da hannu har wani ya kawo mini tukunyar shayi ta tangaran a kan faranti, da ita Baba ya yi alwala kwana uku. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya, ka tayar da salla tana gabanka, kafin ka sallame jirgi ya karkata. Wurin cin abinci sai na bi kwano-kwano ina tambayar wanne ne babu alade, a ƙarshe muka tsaya kan burodi da kifi da shayi.

Fasinjojin kusan duk Turawa ne, yawancinsu tsofaffi. Da na kai Baba saman jirgi ya sha iska muka tarar da su kwance bakin wani tafkin wanka, maza da mata, kowa da ɗan ƙyalle, sun shafa mai suna gasa kansu a rana. Baba ya tsaya, ya juya baya, ya ce, "Dije, da Likita ya hwaɗa min abin da za a buɗe min ido in gani ke nan, da na ce a bar min guda ruhe." Shi ba ya kiran sunan Yaya, ɗan fari ne.

Da yamma, ana gobe za mu isa tsibirin, aka tara mu a wani babban zaure. Wata Baturiya mai farin kaki, ita ce mai kula da tsaron fasinjoji, ta hau dandamali da takarda a hannu. Ta ce tsibirin yana da kyau amma mutanensa talakawa ne, don haka mu kula. Kada a sa zinariya ko agogo mai tsada. Jaka a rataye ta gaba. Kada a sha ruwansu, kada a ci abin da ake sayarwa a titi. Duk wanda ya matso yana fara'a yana kiran ka aboki, kada ka bi shi. Kada a shiga lungunan tsohon gari ba tare da ɗan jagora ba, don sun fi a ƙirga kuma duk kamarsu ɗaya. Kada a hau kwalekwalen kowa sai na jirgi. Sai ta ɗaga yatsa ta ce jirginmu ba zai matsa bakin gaɓa ba, ƙananan jirage ne za su riƙa kai mu suna dawo da mu, kuma na ƙarshe zai tashi ƙarfe huɗu da rabi. Ƙarfe biyar babban jirgi zai kama hanya. Wanda ya makara ya san yadda zai yi da kansa.

Raina ya ɗan sosu, don na san haka ake tara wasu a gaya musu game da mu kafin su sauka ƙasarmu. Amma tsoro ya fi haushin yawa. Nan take na cire 'yan kunnena na ƙulle a bakin zani.

"Mi tac ce?" in ji Baba.

Na fassara masa duka. Ya saurara yana taunar goro.

"Su mutanen garin, arna na ko Musulmi?"

Na ce an ce kusan duk Musulmi ne.

"To mi a abin tsoro?"

Na ce Baba ni dai abin da aka ce ke nan, kuma mafi girma shi ne lokacin komowa. A nan na yi kuskuren da ya kusa kashe ni. Baba bai taɓa ɗaura agogo ba, ƙarfe kaza ba ya ce masa komai. Sai na sauƙaƙa masa na ce, "Da la'asar za mu komo, Baba. In la'asar ta wuce jirgi ya tahi." Ya ce to, la'asar, ya ji. Ni a raina la'asar ita ce huɗu da 'yan mintoci. Na manta cewa a wurin mutumin Bukkuyum la'asar fili ce mai faɗi, tana farawa daga kiran salla, ba ta ƙarewa sai rana ta yi ja ta kusa faɗuwa.

Da safe aka sa mana rigunan kariya masu ruwan lemo aka zuba mu ƙaramin jirgi. Ku kwatanta Baba da babbar riga da hula, an ɗaure masa wannan abu a kai. A bakin gaɓa aka raba mu rukuni-rukuni, namu aka ba mu ɗan jagora mai suna Juma, mutumin garin, yana ɗaga wata jar lema don kada mu ɓace. Turawan nan kowa ya rungume jakarsa a ƙirji kamar mai goyon gaba. Ni ma haka, ba zan yi muku ƙarya ba. Masu talla suka yanyame mu da zannuwa da sarƙoƙin wuri da ƙullin kanumfari, ni dai kaina a ƙasa, hannuna ɗaya riƙe da hannun rigar Baba.

Shi kuwa tun taku na farko ya fara karya dokokin Baturiya. Duk wanda muka gitta sai ya yi masa sallama, su kuma su amsa da mamaki, ganin baƙo daga jirgin Turawa yana sallama. Matan garin suna da lulluɓi kamar namu, mazan da farar jallabiya da hula mai zane. A wata mahaɗar lungu muka tarar da tsofaffi zaune kan dakali suna shan gahawa. Kafin in ankara Baba ya cire takalmi ya zauna a tsakiyarsu. Suka miƙa masa ɗan kofi kamar murfin kwalba, ya kurɓa ya yamutsa fuska. Ya zaro goro ya raba musu, suka gatsa su ma suka yamutsa fuska, aka fashe da dariya. Ba Hausa ba Turanci, amma hira ake. Jar lemar Juma tana ta nisa, ni ina tsaye ina cewa Baba tashi, Baba an ce kada a sha. Ya ce, "Mutum shi ba ka abu gidansu ka ce ba ka sha? Wa ya koya miki haka?" Sai da Juma ya dawo da kansa ya roƙe shi, yana kiran shi Shehe, sannan ya miƙe.

Haka muka yini. An kai mu kasuwar kayan yaji, an nuna mana ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla, Turawa suna ta ɗaukar hoto, ni ina ta ƙirga Baba kamar akuyar da aka ba ni kiwo. Wajen uku da rabi Juma ya dawo da mu wani fili kusa da gaɓa, ya ce kowa ya sha iska, amma huɗu da kwata a hallara. Na yi ajiyar zuciya, na ce an gama lafiya.

Sai aka kira la'asar. Masallacin yana cikin wani lungu, taku kaɗan daga filin. Baba ya ce kwana biyu yana salla shi kaɗai a ɗaki mai juyawa, yau kam sai ya bi jam'i. Na duba agogo, huɗu saura kwata. Na ce to, amma yana sallamewa ya fito. Na raka shi har ƙofa, na tsaya gefen wata mata mai tuya wani abu kamar fanke. Na ce ni in mun koma jirgi na yi tawa.

Aka idar, mutane suka fito suna sa takalma suna watsewa. Babu Baba. Huɗu ta gota. Na leƙa ta ƙofa ban hango shi ba, ga takalmansa nan a ajiye. Can sai na ji motsi ta ƙofar gefe, na juya na ga makara ta fito an lulluɓe ta da koren ƙyalle, mutane ƙalilan suna ɗauke da ita. A kusurwar baya ta dama, ga hular Baba, ga babbar rigarsa. Tsohon da likitan ido ya ce kada ya ɗauki ko bokitin ruwa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin gawar mutumin da bai taɓa gani ba, ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Ku da kuke mata kun san inda na tsaya. Ba zan ɗaga murya in kira ubana ana ɗauke da gawa ba. Ba zan kutsa cikin maza in ja rigarsa ba. Maƙabarta kuma ba wurin shigata ba ne. Na kwashi takalmansa na bi su daga nesa, cikin lungunan nan da aka ce ko da wasa kada mu shiga. Suna sauri, kamar yadda ake yi da gawa ko'ina. Suka karya dama, na karya, suka sake karyawa, wani mai amalanke ya tare hanya, kafin ya wuce sun ɓace. Na tsaya tsakanin dogayen bangaye, ban san gabas ba ban san yamma ba, agogo ya ce huɗu da kwata. Fasfo ɗinmu yana cikin jirgi, lambar wayar Yaya tana cikin babbar jakar da na bari a ɗakina na jirgi, a garin ban san kowa ba. Na tuna fuskar Inna a bayan rumbu, sai hawaye.

Sai na ji an kama mini hannu. Na zabura na ƙanƙame jaka. Matar nan ce mai tuya, ashe ta bar kaskonta ta biyo ni. Ta yi magana ban ji ba, na yi Turanci ba ta ji ba. Na ɗaga mata takalman na ce, "Baba." Na rasa me zan ƙara, sai bakina ya ce, "Kabari." Ta ce, "Kaburi," ta gyaɗa kai, ta ja ni. An ce kada in bi kowa, amma na bi ta kamar raƙumi da akala. Muka ratsa ta wani tsakar gida ana shanya, muka fita ta wata ƙofa, sai ga mu a bakin wata gajeriyar katanga. Ta nuna mini ciki, ta zaunar da ni kan dutse, ita ma ta zauna.

Daga nan ina hango su. Baba yana durƙushe bakin rami yana miƙa ƙasa. Huɗu da rabi ta cika, jirginmu ya yi wani dogon kuka daga teku wanda na ji har cikin haƙorana. Na nuna wa matar wajen teku, na nuna kaina, na nuna Baba. Ta dafe ƙirji, ta gane. Ta miƙe ta yi wa wani daga cikin mazan alama, ya matso bakin katanga, ta yi masa magana da sauri. Ya dubi teku, ya dube ni, ya koma. Amma ba wanda ya katse addu'a, kuma ni ma ban isa in ce a katse ba.

Biyar saura minti goma Baba ya fito yana kakkaɓe hannu, fuskarsa a sake. Ya gan ni ya ce, "A'a, Dije, mi ya kawo ki nan? Kin kyauta da kinka ɗauko min takalma."

Na ce, "Baba, jirgi ya tahi."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Wane irin ya tahi? Ke kinka ce la'asar. Diba rana, ko ja ba ta yi ba."

Na ajiye masa takalman a gabansa na ce ya sa mu tafi.

Mutumin da matar ta yi wa magana ashe masunci ne. Ya sa mu gaba, shi da liman, kusan a guje har bakin ruwa. Wurin da ƙananan jiragen suke tsayawa wayam, babu jar lema babu Bature ko ɗaya. Babban jirgin yana can tsakiyar ruwa, hayaƙi na fita. Masuncin ya tura kwalekwalensa mai inji, irin wanda aka ce kada mu kuskura mu hau, suka ɗaga Baba cak suka sa a ciki, ni na kutsa ruwa har gwiwa na hau. Warin kifi, ruwa na fantsama, na cire mayafi ina kaɗawa sama kamar mahaukaciya. Matar mai tuya ko sallama ban yi mata ba, ban ma san a ina muka rabu ba.

Allah ya sa an ƙirga fasinjoji an ga babu biyu, Juma kuma ya ce tsoho ne da 'yarsa, sai aka ɗan jinkirta. Biyar da kwata muka isa gindin jirgin. An riga an ɗage matakala, sai da aka sake sauko da ita, Turawa sun yi cincirindo a sama suna kallo, wasu har da ɗaukar hoto. Baba ya tsaya a kan matakala zai yi wa masuncin doguwar godiya, na tura shi daga baya. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na tura mahaifina.

Baturiyar tana jiranmu a sama, fuska a murtuke. Ta yi mini faɗa tas a gaban mutane, ni da nake da 'ya'ya huɗu, na haɗiye don tana da gaskiya. Sannan ta zaro takarda ta ce sai an cike. Wa ya yaudare mu? Me aka ƙwace mana? An ji mana ciwo? Na ce babu ko ɗaya. Ta ce to me ya tsayar da mu? Na ce jana'iza. Ta ce ta wa? Na juya na tambayi Baba, ya ce bai san sunansa ba. Na fassara mata. Ta daɗe tana kallonmu, ta rubuta wani abu gajere ta tafi.

Na yi la'asar ɗina a makare, na fito na same shi a bayan jirgi, zaune kan kujera yana kallon tsibirin yana ƙanƙancewa. Yanzu kam rana ta yi ja. Na tsaya a kansa na zazzage abin da ke cikina. Na ce da jirgin ya tafi fa? Ba fasfo, ba wanda muka sani, a ina za mu kwana, me zan gaya wa Inna? Na ce garin cike yake da mutane, gawar tasu ce, su ba su iya binne mamacinsu sai da baƙo daga Bukkuyum? Ban taɓa yi masa magana da irin wannan murya ba. Ya bar ni har na gama.

"Ba tasu ba ta," in ji shi. "Da anka sallame, liman ya juyo ya yi magana, na ji kalma guda cikin Larabci, garibi. Baƙo na, Dije. Dako shika yi bakin ruwa, ba a san danginai ba. Anka yi mai salla, kowa yak kama gabanai, masu shago sunka koma shago. Na ƙirga waɗanda sunka tsaya ɗauka, su biyar. Makara kusurwa huɗu gare ta, kuma ana canjin kahwaɗa."

Na ce duk da haka, Baba.

"Zamna," ya ce. Na zauna. "In da ni na hwaɗi cikin lungun can yau, ke ɗai gare ni garin ga. Ba ki ɗaukata, ba ki shiga da ni, iyakarki bakin katangar da na iske ki. Wa kika so shi tsaya?"

Na buɗe baki in ce ai ba haka ake lissafi ba, jirgi ba ya jira, doka doka ce. Duk gaskiya ne, kuma har yau in na tuna tsayuwar da na yi a lungun nan raina ɓaci yake. Amma na riga na zauna kan dutsen nan na ga iyakar inda ƙafata za ta iya kaiwa. Muna nan zaune har tsibirin ya ɓace. Sai ya ce in tashi in binciko masa inda alƙibla ta koma, magariba ta yi.